Yadda Ake Kai Yara Gaida Tsofaffi a Sakkwato, Har a Dawo da Tarihin Gida

Na fi shekara ashirin ina tambayar goggona labarin kakanmu, amsar ba ta taɓa wuce magana biyu ba. "Mutumen kirki na. Allah shi jiƙanai." Sai ta ci gaba da jan carbinta, ni kuma in kama bakina, don ɗa ba ya tsare uwa da tambaya. Wata Juma'a bayan la'asar na je gaishe ta da ƙaramar 'yata, lokacin tana 'yar shekara bakwai. Yarinyar ta ƙura mata ido, can sai ta miƙa hannu ta shafa zanen Gobirci da ke kumatunta, ta ce, "Goggo, wa ya ji miki ciwo haka?" Na zabura zan kwaɓe ta, tsohuwa ta ɗaga min hannu. "Ƙyale min kishiyata. Haushi taka ji don na hi ta kyau."

Daga nan labari ya ɓalle. Wanzamin da ya yi zanen, ƙauyen da aka yi shi can ƙasar Gobir, shekarar yunwar da ubanta ya aza ta bisa jaki suka nufo birni, gidan da suka fara sauka kusa da Ƙofar Rini, da dalilin da ya sa ƙanenta, wato mahaifina, da aka haifa a Sakkwato aka bar fuskarsa haka nan babu aska. Har aka kira magariba ba ta kai ƙarshe ba.

Tsakanina da ita kunya ce, tsakaninta da jika wasa ne. Abin da tsoho ba zai faɗa wa ɗansa ba, yana faɗa wa jikansa cikin raha, kai kuma kana gefe kana ji. A kan wannan na gina duk abin da zan faɗa a nan.

Wa za a fara gaidawa, kuma yaushe

Ka zauna da mahaifiyarka ko babban wanka, ku lissafa tsofaffin da suka rage a dangin uwa da na uba. Sannan ka fara da wanda ya fi tsufa ko ya fi rauni, ko da shi ne ya fi nisa. Yawancinmu muna yin akasin haka, mu yi ta zagaya na kusa muna cewa na ƙauye sai an samu sarari, har ranar da za a kira mu zaman makoki.

Kada lissafin ya tsaya kan maza. Tsofaffin maza sun fi riƙe zancen gona, sarauta da tafiye-tafiye, amma wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ta fita ta dawo, wannan a hannun mata yake, don su suka yi ta zuwa suna da biki shekara sittin. Ka sa kishiyar kakarka idan tana raye, da tsohuwar maƙwabciyar gidanku na cikin gari, da wanzamin gida in akwai shi. Wanzami ya san ranar haihuwar mutane fiye da su kansu.

Zumunta a ƙafa take, kuma can da ba a aika sanarwa. Duk da haka ka kira wanda ke kula da tsohon kafin ka ɗebo yara. Ka tambaye shi ƙarfe nawa yake tashi, wane kunne ya fi ji, me likita ya hana shi ci, ya jikin yake a makon nan. Lokaci biyu ne suka fi dacewa, hantsi ko bayan la'asar. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40, duk wanda ya kai yara gidan tsoho da ƙarfe ɗaya na rana ya wahalar da kowa. Da hunturu kuwa hantsi ya fi, lokacin da tsoho ya fito tsakar gida shan rana, bakinsa a sake.

Ranar Sallah ta gaisuwa ce da karɓar goro, ba a samun labari a cikinta. Gida cike yake, wannan na shiga wancan na fita. Ku je, amma ku sa wata rana daban wadda babu kowa. Idan tafiyar ta ƙauye ce, musamman gabashin jiha, wajen Rabah, Goronyo, Isa ko Sabon Birni, ka tambayi mutanen can halin da hanya take ciki a safiyar ranar, ku fita da wuri ku dawo da rana tsaka. In sun ce a dakata, a dakata.

Yara biyu ko uku sun isa zuwa ɗaya. Mai mura, tari ko ƙuraje ya zauna gida, don abin da yaro zai warke a kwana uku yana iya kwantar da ɗan shekara tamanin.

Shirin da ake yi tun daga gida

Daren jajibiri ka faɗa wa yara wa za a je gani, da magana ɗaya da za su iya riƙewa. "Yayar kakanku ce, uwa ɗaya uba ɗaya, ita ta goye shi." Wannan ya fi dogon bayani.

Sannan ku gwada gaisuwa a tsakar gida kamar wasa. A yi sallama a jira amsa, a cire takalmi a bakin ɗaki, a durƙusa, a ce "ina wuninku" ba "ina wuninki" ba, a jira tsoho ya miƙo hannu tukuna, a karɓi abu da hannu biyu. Yaron da ya tasa ya san zai tsaya a zaure sai an ce ya shigo. Waya da wasan kwamfuta a bar su a gida, ba a mota ba, don in suna mota hankalin yaro yana can.

Akwai abin da iyaye ke mantawa. Yaron da ya tashi a Arkilla ko Gawon Nama, ko wanda aka kawo hutu daga Abuja, mai yiwuwa bai taɓa ganin masai ba, bai taɓa zama ɗakin ƙasa da awaki na kai da kawo a ƙofa ba. Ka gaya masa tun da wuri, kuma ka ja masa kunne cewa ba a toshe hanci, ba a cewa "gidan nan ƙazanta." Su zagaya kafin a fita. Su ɗan ci abinci, amma kada su ƙoshi har su kasa taɓa abin da za a kawo musu. Haka batun harshe. Yaron da kunnensa ya saba da Hausar rediyo da ta makaranta zai ji "mi kac ce?" da "ina kunka hito?" da "wanga ɗan wa na?", kada ya tuntsire da dariya. Ka koya masa kaɗan, tsofaffi suna jin daɗi ƙwarai in jika ya mayar musu da "lahiya lau."

Ka kuma shirya su kan wasan kaka, in ba haka ba za a yi kuka. Kaka mace za ta kira ɗanka mijinta, ta ce rago ne bai kawo cefane ba. 'Yarka kuwa kishiya ce, za a ce mata mummuna. Kaka namiji zai ce da 'yarka amaryarsa, ya ce ɗanka ɓarawon hura ne. Ka ce musu an yarda su rama, amma da raha, ban da zagi. Wannan wasan shi ne ƙofar da labari zai bi ya fito, don haka kada ka tsawatar da zarar an fara.

Abu na ƙarshe, kowane yaro ya tafi da tambaya ɗaya tasa, wadda shi ya zaɓa. Zan dawo kan irin tambayoyin.

Tsaraba ba sai mai tsada ba. Goro, dabino, sabulu, man shafawa, turare, ganyen shayi da madara. Sukari da kayan gishiri sai ka tambaya, saboda ciwon suga da hawan jini. In haƙora sun zube, ka haɗa goron da magogi. Yaran su ɗauka, su ajiye a gaban tsoho. Kada a manta da wadda ke wahalar, surukar ko jikar da ke wanki da dafa kunu kullum, ita ma a riƙo mata wani abu, da 'yar alewa ta yaran gidan.

In an shiga

Ku bi ɗaki ɗaki ku gaida kowa, ba tsohon kaɗai ba. In kun zo wurinsa ku zauna ƙasa, ko da an nuna muku kujera, yara ta ɓangaren kunnen da ke ji, fuskarsu wajen haske don ya gan su. Za a kawo ruwa, wataƙila da hura da nono. A sha, ko kurɓi ɗaya ne. In kana shakkar ruwan saboda ƙaramin yaro, ka shayar da shi ya ƙoshi tun a mota, amma fito da gorar ruwa a gaban mai gida cin fuska ne.

Minti goma sha biyar na farko na tsoho ne. Zai yi zancen ƙafa da ido, da wanda ya rasu, da wanda ya daina zuwa. Wataƙila kai ma ka sha faɗa. "Sai yau kat tuna da mu?" Ka sunkuyar da kai ka ba da haƙuri, ban da kawo hujjar aiki. Bayan nan ka gabatar da yara ɗaya ɗaya, kowa da wanda aka yi wa takwara. Sau da yawa nan ma labari yake farawa, don in ka ce "wannan shi ne mai sunan Malam," tsohuwa za ta jawo shi ta duba kunnensa da goshinsa, ta ce wane ya biyo.

Yadda ake buɗe bakin tsoho

Kada ka ce, "Mun zo ki ba mu tarihi." A kunnen tsohon Sakkwato tarihi na Shehu ne da Bello da sarakuna. Ko dai ya ce "ni ban yi karatu ba, ku tai wurin malamai," ko ya ɗauko tun daga hijirar Degel zuwa Gudu a 1804, abin da za ka samu a littafi. Abin da babu shi a littafi kake nema, kuma wannan da ƙaramar tambaya ake fito da shi.

Mafi sauƙi shi ne abin da ido ke gani a ɗakin. Tsohuwar adaka, jeren tasoshi da kwanoni, gafakar da ke rataye, allon da ya yi baƙi, takobi ko sanda a lungu, hoton da ya koɗe, tabo a ƙafa, dogonyaron da ke tsakar gida. Yaro ya nuna ya ce wannan na wane ne, wa ya kawo shi, wa ya dasa. Bayan su sai tambayoyin da yaro ne kaɗai zai yi su ba a ga rashin kunyarsa ba. Wane wasa kuke yi da farin wata? Me kuke karyawa da shi? A ina kuke ɗebo ruwa? Wa ya fi dukan ki, Inna ko Baba? Yaushe kika fara shiga mota? Nawa ne sadakinki? Wannan ta ƙarshe in ni na yi ta sai an kore ni daga ɗakin. Babban ɗana ya yi ta, aka ba shi amsa da fam da sule, aka ƙara masa da bayanin sisi da taro da kwabo da anini, har da wanda aka so ba a ba ta ba.

Sunaye ma rumbu ne. Ka sa yaro ya tambayi dalilin laƙabin kowa. Tanko namiji ne da ya biyo mata, Kande da Delu mata ne da suka biyo maza, Gambo ya biyo tagwaye, Auta ya rufe. Altine, Talatu, Laraba, Jummai, Asabe da Ladi suna gaya maka ranar haihuwa, Azumi watan, Marka da Anaruwa lokacin damina. A gidajen Fulani Dikko ɗan fari ne, Sambo na biyu. Da waɗannan kaɗai sai ka jera 'ya'yan ɗaki guda bisa tsari, har ka gano akwai waɗanda suka rasu a tsakani ba a taɓa gaya maka ba. Ka nemi sunan yanka tare da laƙabi, don mutane da yawa sun mutu jikokinsu ba su san sunansu na gaskiya ba. Sai dai tsohuwa ba za ta ambaci sunan mijinta ko na ɗanta na fari ba. Kada a matsa. Za ta ce "mai sunan liman" ko "uban su wance," ka rubuta haka, daga baya ka tambayi wani.

Tambaya uku ce ginshiƙi, ko ba a same su rana ɗaya ba. Daga ina muka zo? Me ya taso da mu? Gidan wa aka fara sauka? Sakkwato gari ne da aka taru aka yi. Muhammadu Bello ya kafa birnin a 1809, mutane suka yi ta shigowa, Toronkawa, Sulluɓawa, Gobirawa, Adarawa, Kabawa, Zamfarawa, Zabarmawa, wasu don karatu, wasu don sana'a, wasu yunwa ta koro su, wasu kuma ba da son ransu aka kawo su ba. Sunayen unguwanni ma suna faɗa, kamar Giɗaɗawa da ta samo suna daga Waziri Giɗaɗo. Kusan kowane gida zai so ya jingina kansa da jama'ar Shehu, kuma da duk waɗanda ake cewa kakanninsu sun halarci yaƙin jihadi na Tabkin Kwatto sun halarta da gaske, da filin bai ɗauke su ba. Ka rubuta yadda aka faɗa, ka sa "in ji Goggo" a gefe, ka wuce. Ba ranar gardama ba ce.

Sai zancen waɗanda suka tafi. Kusan babu dangin da ba su da wanda ya tafi Makka a ƙasa ta Chadi da Sudan ya shekara biyar ko goma, ko ya zauna can bai dawo ba. Akwai zuriyar waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru gabas bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903, waɗanda suka tsira daga yaƙin Burmi suka kafa Mai Wurno a Sudan. Akwai fataken goro na Gwanja, da waɗanda suka zauna Kumasi har korar baƙi ta 1969 ta dawo da su. Akwai sojan yaƙin Bama. Akwai 'yan cin rani da suka hau babbar mota zuwa Gusau ko Ƙauran Namoda don kama jirgin ƙasa, tunda dogo bai taɓa isowa Sakkwato ba. Akwai dangi a Ƙonni da Tawa da iyaka ta raba. Yara suna son irin wannan labarin fiye da kowane.

Kai aikinka kaɗan ne. Ka ja baya, ka riƙa cewa "ikon Allah," "sai aka yi yaya?" In tsoho ya yi shiru, ka bar shirun, yana lalube ne. In ya maimaita labarin da ka ji sau goma, yaran ba su ji ba. In ya yi kuskuren da ka sani, ka haɗiye gyaran.

Yadda ake gano shekara

Tsoho ba ya ƙirga da lamba, da aukuwa yake ƙirgawa. Don haka ka riƙe waɗannan a ka, su ne turakun da za ka ɗaura labari. Zuwan Turawa 1903. Yunwar Kakalaba 1914, wadda na yanzu daga bakin iyayensu suka ji. Naɗin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku 1938, rasuwarsa 1988, shekara hamsin cif, don haka "zamanin Abubakar" kaɗai bai isa ba, sai an ƙara tambaya. Yaƙin Hitila 1939 zuwa 1945. 'Yancin kai 1960. Kisan Sardauna Janairun 1966, cikin azumi. Yaƙin basasa 1967 zuwa 1970. Canjin hannu na tuƙi 1972. Canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973, shekarar babban fari da ya kashe shanu. Makarantar UPE, wato firamare kyauta ga kowa, 1976. Hawan Shagari 1979. Cire Kebbi daga jihar Sakkwato 1991, cire Zamfara 1996. Rasuwar Sarkin Musulmi Maccido a haɗarin jirgin sama 2006. Ambaliyar 2010.

Hattara da "shekarad da anka canza kuɗɗi." Ka tambaya wane canjin, na fam da sule, ko na zamanin soja a 1984 da aka sauya launin takardun naira. Shekara goma sha ɗaya ce a tsakani, kuma na ga an ƙara wa mutum tsufan da ba nasa ba saboda wannan.

Turke ɗaya ba ya riƙe labari, sai biyu. Ga yadda muka yi da Goggo. Na sa yarinyar ta tambaye ta tana ina aka kashe Sardauna. Ta ce tana gidan miji, tana goyon na biyu, na farin an yaye shi yana gudu. Goyo biyu a wancan zamani shekara huɗu ne zuwa biyar da aure. An aurar da ita tana wajen sha huɗu ko sha biyar. Ka ga aure ya faɗa wajen 1961, haihuwarta wajen 1946 ko 1947. A littafinmu na rubuta "wajen 1946," kuma kalmar "wajen" ba ta fita sai an samu takarda. In ka ƙara da "da damina ne ko da rani?" da "wane wata ne, kafin Sallah ko bayanta?" sai ka ƙara matsowa kusa.

Abin da ba a tona shi gaban yara

Kowane gida da abin da ya rufe. Saki mai ɗaci, rigimar gado, wanda ya sami taɓin hankali, kakar da sa-ɗaka ce, kakan da bawa ne aka 'yanta. In tsoho da kansa ya kawo zancen, kada ka katse shi, kada kuma ka canza fuska, don yara fuskarka suke karantawa. Amma ba kai za ka tono ba. Haka zancen 'ya'yan da suka mutu. Tsohuwar da ta haifi goma ƙyanda da agana da zazzaɓi suka bar mata uku, in idonta ya kawo ruwa, a yi musu addu'a tare, a juya zance.

Abu biyu ne za ka komo domin su ba tare da yara ba. Na farko shayarwa. Wa ya sha nonon wa? A da in uwa ta yi ciwo ko ta rasu, ko ta tafi rafi jariri na kuka, wata a gidan takan ba shi nono, kuma a mazhabar Malikiyya da muke bi ko sau ɗaya ne, in ya isa ciki a cikin shekara biyun shayarwa, ya haramta aure. Mu kuwa masu auren zumunci ne. Tsofaffin mata kaɗai suka san wannan, in sun tafi sun tafi da shi. Hadisin da Tirmizi ya ruwaito ya ce a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi, to wannan reshen nasaba ne da ba a ganinsa a suna.

Na biyu gona da gida. Wace gona ce gado, wace ce saye, wace ce aro ko jingina, ina iyaka ta tsaya. Wannan kada ka je shi kai kaɗai. Ka tafi da babba ɗaya daga kowane ɗaki, in ba haka ba gobe a ce kai ka kitsa wa tsoho magana. Kuma kada ka haɗa shi da ziyarar yara, don ranar da tsoho ya zaci gado ya kawo ka, bakinsa ya rufe ke nan.

Ɗaukar murya da rubutu

Ka nemi izini tukuna, a fili. "Goggo, zan ɗauki muryarki don jikoki su riƙa ji." Murya ta fi bidiyo. Da an ɗaga waya sama tsohuwa za ta nemi mayafi, ta gyara zama, ta koma magana kamar ana hira da ita a rediyo. Ka rufe layin don kada kira ya katse, ka faɗi kwanan wata da wuri da wanda ke magana, ka kife wayar a tabarma kusa da ita, nesa da fanka, a manta da ita. Babban yaro ya riƙe littafi da biro, aikinsa sunayen mutane da na garuruwa kawai.

Tsofaffin hotuna a ɗauke su da waya gaba da baya, a mayar inda suke. Wanda ya ce "ara min in wanko" ba ya dawowa da su, kowa ya sani. Takardun ajami, rasiɗin haraji da na jangali, takardar sallamar soja, tsohon fasfon aikin hajji, duk haka. Kada a manna musu salatif, kada a kai a liƙe su da roba. Hoton ajamin ka kai wa malamin da ya iya karanta tsohon hannu. Wanda yake son yara su ga yadda ake adana irin waɗannan takardu, ya kai su gidan tarihi na Waziri Junaidu a cikin gari. Kuma muryar tsohuwa da hotonta ba na Facebook ko TikTok ba ne sai ta yarda, ta kuma gane abin da ta yarda da shi.

Daren ranar, kafin ka kwanta, ka tura muryar wa 'yan'uwanka biyu ta WhatsApp, ka sauke ta a kwamfuta ko memori, ka zauna ka rubuta abin da ka ji a takarda. Ina nanata daren ranar ne don na ɗanɗana. Na taɓa ɗaukar kawun mahaifiyata awa biyu yana ba yarana labarin tafiyarsa Makka a ƙasa, zango zango, da inda suka tsaya noman auduga a Sudan don neman guzuri. Na ce zan kwafe in na huta. Mako bai zagayo ba aka zare wayar daga aljihuna a kasuwa. Na sa ranar komawa, na ɗaga, na sake ɗagawa, kafin ruwa ya sauka ya rasu. Abin da ya rage mana shi ne sunayen garuruwa bakwai da ɗana ya rubuta da hannunsa na ɗan aji huɗu, biyu ma ba sa karantuwa.

In tsofaffi biyu sun saɓa, ka rubuta duka biyun da sunan mai kowace magana. Kada ka koma ka ce wa ɗaya "ai wane ya ce ba haka ba ne." An ɓata zumuncin shekara saba'in da ƙasa da haka.

Tashi

Awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi ya isa. In tsoho ya fara gyangyaɗi, ko amsa ta koma "awo, awo," ko yara sun fara tsokanar awaki, lokaci ya yi, ko da labari bai ƙare ba. Gara a tashi ana marmari. Kada magariba ta same ku a zaune sai in kwana za ku yi.

Ku matso a yi muku addu'a, yara su miƙa kai a dafa. In za ka ba da kuɗi, ka ba ƙaramin ya tura ƙarƙashin gefen tabarma, ba a ƙirga a fili. Abin da aka ba yara kuwa a karɓa, ko gyaɗa ce, ko ƙwan zabi biyu, ko naira hamsin da aka kwance daga bakin zane. Kada ka ce "a'a Goggo, bar shi." Wannan hamsin ɗin ita ce girmanta. Ku sake bi ku sallami mutanen gida, ku bar mai rakiya ya kai ku ƙofa.

A hanya ka tambayi kowane yaro abu ɗaya da ya riƙe. In labarin ya ambaci wuri kuma yana kan hanya, Hubbaren Shehu ne, ko masallacin Bello, ko wata ƙofa, ko tsohuwar rijiya, ku ratsa ta nan ko ba ku sauka ba. In an isa gida su ba wanda bai je ba labari da bakinsu, kai kana gyara sunaye kawai. Sannan ku ɗauko babbar takarda ku ja layi, tsohon da kuka gaida a tsakiya, iyayensa a sama, 'yan ɗakinsu a gefe, yaran su rubuta sunansu a ƙasa. Duk inda aka bar gurbi, tambayar zuwa na gaba ke nan.

Tamu ta wannan Juma'ar ba a takardar take ba. Ni ina son sunan mai gidan da ya sauke su a Ƙofar Rini. Yarinyar kuwa tun ranar ta kafe sai ta ji abin da aka yi da jakin.